Abu Usama a Ɗakin Sanyi

Lahadi, 1 ga Disamba

Zakiyya ta sake turo bidiyo. Da ƙyar na gane ta: hula har gira, ƙyalle ya rufe hanci, gashin ido ya yi fari fat. Tana haki tana dariya, wai "Shufi ya Ummi, ƙanƙara har gwiwa!" To na gani. Sai me?

Yarinyar da na haifa a nan Jidda, wadda in mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗan yi ƙarfi sai ta ja bargo tana kukan sanyi, ita ce yau take tashi daga aikin asibiti a Winifeg ta fita gudu cikin dusar ƙanƙara. Ba kare ne ya biyo ta ba, ba gobara ba. Wai akwai tsere a watan Fabrairu, kilomita ashirin da ɗaya, kuma sai ka biya kafin a bar ka ka wahala. Mutanen Kanada sun ƙoshi sun rasa abin yi, 'yata ta je tana taya su.

Ubanta yana falo yana kallon labarai, ya ba ni baya. Shekara biyu ke nan ba su yi magana ba, tun ranar da ta ce ba za ta dawo ta karɓi aikin da ya yi ta roƙon mutane ya samo mata ba. Ita ma bakinta ba linzami. "Baba, shekara talatin kana ƙasar mutane, har yau iƙama, takardar zaman baƙo, kake sabuntawa. Ni ba zan tsufa ina baƙuwa a garin da aka haife ni ba." Gaskiya ce, amma ba a faɗa wa uba irin wannan gaskiyar. Ya ce kada a ƙara ambata masa ita. Tun daga nan komai ta kaina yake bi. Ita ta tambaye ni ko yana shan maganin hawan jini, shi ya tambaye ni ko "mutanen waje" suna lafiya.

Na lura dai ya rage ƙarar talabijin da bidiyon ya fara.

Laraba, 4 ga Disamba

Darasin yau daga malama Zakiyya: ba a miƙa ƙafa a kan ƙanƙara, taku gajere ake yi, a ɗan duƙa gaba. Kuma in za ka fita, ka fara da fuskantar iska, ka dawo tana bayanka, don kada gumi ya daskare maka a ƙirji. Karatun jinya muka tura ta, ga abin da ta zurfafa a kai. Ni ban tambaye ta ba, ita take faɗa, kamar gobe zan ɗaura zani in bi ta.

Asabar, 7 ga Disamba

Maigidan nawa, Abu Usama, ya dawo daga kasuwar Bab Makka da takalmin gudu. Ruwan lemo, mai ƙyalli, irin na samari. Na ce wannan fa? Ya ce likita ya ce ya riƙa tafiya. Shekara uku da likita ya faɗi haka, sai yau kunnensa ya buɗe.

Mutum mai shekara hamsin da takwas, da tumbinsa, wanda in zai hau benen nan sai ya tsaya a hawa na biyu yana yi wa maigadi gaisuwar da ba ta ƙarewa don ya huta. Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidanmu 'yar ce ke gudu, barewar tana nishi.

Juma'a, 13 ga Disamba

Yau na ga abin da ya fi ƙarfina.

Jiya yarinyar ta nuna yadda suke ɗaura ƙananan sukurori a ƙasan takalmi don ya kama ƙanƙara kada su zame. Na kalla ina cin gyaɗa, shi kuma yana can wai yana neman tashar Kano a rediyo. Yau bayan masallaci na iske shi zaune a ƙasa da sabon takalmin a cinya, da gilashinsa a kan hanci, yana murɗa sukurori ɗaya bayan ɗaya. A Jidda! Garin da ƙanƙararsa a kofin lemo take.

Na tsaya ina kallo. Ya sa, ya miƙe, ya fita yana ƙwas-ƙwas kamar akuya a kan siminti. Bai kai ƙasan bene ba na ji tim. Tayil ɗin matakala duk ya kakkarce, shi kuma yana zaune yana riƙe da ƙugu. Maigadi ya hawo yana "Ya ammi, esh hada?", wai baba, mene ne wannan. Ni na ba shi haƙuri, ni na ba shi shayi. Mai takalmin ya shige ɗaki, wai sallar la'asar zai yi, alhali ko kira ba a yi ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Hajiya Shatu ta hawa na uku ta zo ɗaukar atamfofin da ta ce in ajiye mata. Ba atamfa ce ta kawo ta ba. Tun kafin ta zauna: "Sauda, jiya wallahi mijinki na gani a Kurnish, bakin teku, ko aljani? Hular ulu, safar hannu, riga kan riga, gumi yana ɗiga. Yara suna ɗaukarsa a waya." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Mutanen Sudan ɗin nan in suka samu abin dariya ba sa ragawa.

Na taya ta dariyar, me zan yi? Na ce ai tsufa ne, kowa da yadda yake zo masa. Da ta fita na ji kamar in nutse. Shekara talatin ina tsare mutuncin gidan nan a tsakanin Hausawan Jidda, yanzu an mayar da mu abin nuni.

Alhamis, 19 ga Disamba

Ya daina fita Kurnish. Alhamdu lillahi, hankali ya dawo.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ashe bai dawo ba, wuri ya sauya.

Mailafiya, abokin aikinsa a ma'ajiyar kaji ta wajen tashar jiragen ruwa, ya kawo mana kifi, shi ya tona. Wai kullum in an tashi cin abincin rana, Abu Usama sai ya sa takalminsa ya shiga babban ɗakin sanyi, inda ake daskarar da kaji su koma kamar dutse, ya yi ta zagaye tsakanin kwalaye. Mailafiya yake tsaya masa a bakin ƙofa. Na ce shi manajan, Othman, bai hana ba? Ya ce Othman dariya kawai yake yi, yana cewa shugaban ma'aikatansa ya haukace, amma tunda a lokacin hutunsa ne, halas.

"Hajiya, a can sukurorin nan suna aiki fa," in ji Mailafiya, har da wani alfahari. "Ko sau ɗaya bai zame ba." Madalla. Sai a ba shi lambar yabo a gaban kaji.

Wato mutumin da ma'aikata ke tsayawa in ya shigo, shi ne yake sassarfa a cikin firij yana gajeren taku kamar yadda 'yarsa ta koyar. 'Yar da ya ce kada a ambata.

Talata, 24 ga Disamba

Na tare shi bayan cin abinci. Na ce Abu Usama, wannan wahalar duk ta mece ce? Ga waya nan, ka kira ta. Ya ɗago ya ce, "In kira wa?" Na ce wadda kake satar karatunta ta bayan kunne. Ya ce shi likita ne ya sa shi motsa jiki, kuma zafin Jidda ba ya barin mutum, shi ya sa yake shiga sanyi. Ya ɗauki carbinsa ya fita.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ce wawiyar da za ta riƙa kunna masa murya yana sha a ɓoye, gobe kuma ya ce bai san zancen ba. Girman kai ne ke cinsa, ita ma shi ke cinta, jini ɗaya ne. To daga yau na daina. Duk abin da ta turo, a kicin zan kalla, da abin kunne. Mai son ilmin gudu ya nemi malamar da kansa.

Asabar, 28 ga Disamba

Ya yi ta kai-kawo a ƙofar kicin, wai yana neman cokali. A ƙarshe ya ce, "Wayar taki ta lalace ne? Kwana biyu shiru." Na ce lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 2 ga Janairu

Bidiyo mai tsawo yau, a ɗakinta, ta baje kaya a kan gado. Riga uku suke sawa: ta ciki mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska. Ta ɗaga wata farar riga ta jefar, tana cewa, "Auduga mamnu', an hana, ya Ummi, abadan! Tana shan gumi ta manne a jiki, kana tsayawa ta zama ƙanƙara. Tana kashe mutane wallahi." Kuma da an gama gudu a cire jiƙaƙƙen kaya nan take, kafin a yi komai.

Auduga ma yanzu ta zama abokiyar gaba. Kakanninta a Funtuwa da ita suka rufa wa kansu asiri.

Da yamma na goge masa singiletinsa. Duk na auduga ne, ni na sayo su da hannuna. Na ɗan tsaya da dutsen guga a hannu. Sai na ce ai yana da baki, ya tambaya mana. Na ninke na sa a durowa.

Laraba, 8 ga Janairu

Tari. Ya ce ƙura ce. Na dafa masa citta da kanumfari, ya sha, ya ɗauki jakar takalminsa ya tafi aiki.

Lahadi, 12 ga Janairu

A asibiti nake rubuta wannan, a kan gwiwata.

Da azahar Mailafiya ya kira. Wai an kira shi waje wajen wata mota, ya bar ƙofar na ɗan lokaci. Da ya dawo bai ji ƙwas-ƙwas ba. Ya shiga ya iske Abu Usama zaune a kan kwali, ya gama gudu ya ce bari ya huta, jiki yana karkarwa, magana ba ta fita daidai. Da suka cire masa rigar sama, singiletin ya ƙame a jikinsa.

Likita ya ce sanyi ya shige shi sosai, ga kuma ciwon huhu da ma ya fara tun kwanakin tarin nan. An sa masa iska a hanci. Likitan, wani yaro ɗan Masar, ya tambaye ni, wai mutum mai hawan jini me ya kai shi gudu a firij da jiƙaƙƙiyar riga? Na ce tambaye shi in ya tashi.

Ba ni na tura shi ba. Ba ni na ce ya ƙi kiran 'yarsa ba. Babba ne da gemunsa.

Rubutun nan duk ya karkace.

Talata, 14 ga Janairu

Zazzaɓi ya sauka kaɗan. Ya sha kunu cokali huɗu ko biyar. Na ce to jarumi, an ci tseren? Na ɗauka zai yi shiru irin nasa. Sai ya juya ya kalli bango, ya ce, "Sauda, so nake in ji abin da take ji. Abin da ya fi mata gidan ubanta." Can ya ƙara, "In na kira ta me zan ce? Ba ta yi ƙarya ba ai."

Na ce ai sai ka ji, ga shi ka ji har cikin huhu. Na fita wai zan ɗebo ruwan zafi. A bayan ƙofa na yi kukana, wata ma'aikaciya 'yar Filifin ta miƙo mini tishu. Ya ba ni tausayi, kuma ya ba ni haushi, duka biyun.

Laraba, 15 ga Janairu

Ya ce kada in gaya mata. Na gaya mata. Komai da komai, har sukurori, har kaji.

Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Da wace riga?" Na ce da singileti. Ta ce, "Ummi, ba na turo miki ba?" Na ce kin turo. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Ina komawa ɗakin, wayarsa ta fara ruri a kan durowa. Ya kalli sunan, ya kalle ni. Na ce ni ba sakatariyarka ba ce. Ya ɗauka. Ko sallama ba ta yi ba, daga inda nake ina jin ta: "Baba, inta majnun? Auduga? A cikin tallaja, firijin kaji? Kuma ka zauna da gumi?" Rabi Hausa rabi Larabci, tana faɗa tana kuka. In da a da ne, da ya kashe wayar ya ce ba ta da tarbiyya. Yau sai cewa yake, "Na'am. To. Na ji. Ai ban sani ba." Can na ji ya ce, a hankali, "Amma takun nawa gajere ne, kamar yadda kika ce."

Shekara biyu ina lallashi, ina kai gwauro ina kai mari, ban samu ko gaisuwa ba. Ashe faɗa a kan singileti ake jira.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun dawo gida tun ranar Litinin. An hana shi ɗakin sanyi, an hana shi gudu har sai likita ya sake dubawa. Othman ya aiko da kwalin kaji da gaisuwa. Na ce wa Mailafiya ya mayar, na ga kaji sun ishe ni.

Kullum yanzu sai sun yi waya. In ta fito gudunta na safe, nan la'asar ta yi, sai ta kira shi tana tafe, ya zauna a baranda yana jin ƙarar takunta. Maganarsu duk ɗaya ce. Sanyi ya kai nawa yau, an share hanya ko ba a share ba, ta shafa mai a kumatu, ta sha ruwa ko da ba ta jin ƙishi. Shi da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba, har shawara yake ba ta. Zancen iƙama, zancen aiki, babu wanda ya taɓo. Ni dai ban ga ranar wannan sulhu ba, an rufe ciwo da safar hannu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Bidiyo ya daina zuwa wayata. Da ma cika mini waya yake yi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau aka yi tseren. Safiyarsu, magaribarmu. Ta turo masa wani abu a waya mai nuna taswira, da ɗan ɗigo shuɗi wai ita ce. Ya jingina wayar da kwalbar ruwa a kan tebur, ya yi sallah a gurguje ya dawo ya tsaya a kanta. Na ce zauna mana, ɗigon ba zai yi sauri don kana tsaye ba. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, ba kallo nake ba.

Wajen ƙarshe ɗigon ya tsaya a bakin wani kogi. Ya tsaya cak. Shi ya ce wataƙila ruwa take sha. Ɗigon bai motsa ba. Ban san lokacin da tiren shinkafa ya bar cinyata ba, sai ji na yi ina cewa tashi, Zakiyya, tashi don Allah, kada ki tsaya da gumi! Ya motsa. Ya ci gaba a hankali, a hankali, har ya shige layin. Abu Usama ya yi kabbara, tari ya sarƙe shi.

Shatu ta ƙwanƙwasa, wai ihun me ta ji. Na ce 'yarmu ce ta gama kilomita ashirin da ɗaya cikin ƙanƙara. Ta fara dariyar nan tata, za ta kawo zancen hular ulu. Na ce Hajiya, ke daga nan zuwa bakin titi a mota ake kai ki. Ta tafi ba sallama. Gobe na ba ta haƙuri, ko jibi.

Na goge wayata da gefen mayafi na ajiye ta a hannun kujera, don na san da ta samu numfashi za ta kira. Shekara biyu duk abin da ya same ta, daɗi ko wuya, ni ce ta farko.

Tasa ce ta yi ƙara.

Ya yi mini zafi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Ya fita baranda da ita, ina jin dariyarsa, irin wadda na manta yana da ita. Can na ji muryarsa ta sauya, ya ce, "Zauna abinki, 'yata. Inda kike nan ma gida ne." Daga nan ban ƙara jin komai ba sai jan hanci.

Na haɗa masa shayi, na kai har bakin baranda, na dawo da shi. Na ja musu ƙofa don ƙarar kwanuka, na durƙusa ina tsince shinkafar da ta zube.